Daga Ganyen Sabara Zuwa Ƙwayar Magani: Binciken Maganin Cututtukan Numfashi da Sankarar Mama, da Matsayin Ƙonni, Malbaza da Illela a Cikinsa

Cututtukan numfashi da ƙwayoyin bairos ke haddasawa da kuma sankarar mama abubuwa ne biyu da a zahiri babu abin da ya haɗa su, domin na farko baƙo ne da ke shiga jiki ta hanci da maƙogwaro ya gama ɓarnarsa cikin kwanaki kaɗan, na biyu kuwa ɗan gida ne, wato ƙwayoyin halittar jikin mace ne da kansu ke bijire wa ƙa'idar girma, su yi ta hayayyafa tsawon watanni ko shekaru. Dalilin kawo su wuri guda a wannan lacca shi ne hanyar nemo musu magani iri ɗaya ce, kuma a gundumomin Birnin Ƙonni da Malbaza da Illela na jihar Tawa wuri ɗaya wannan hanya take yankewa. Yawancin maganin da aka samu a zamanin nan na waɗannan cututtuka ya faro ne daga gane ainihin cutar da sanin wurin da take da rauni, saboda haka yankin da ba a iya tantance cutar da ke damun majinyacinsa ba zai ci cikakkiyar moriyar maganin da wasu suka gano ba, balle ya sa hannu a neman sabo.

Abin da masana ke nufi da binciken gano magani aiki ne mai matakai, wanda yakan ci shekara 10 zuwa 15. Da farko ana neman abin hari, wato wani furotin da cutar ba za ta iya rayuwa ko yaɗuwa ba sai da shi. Daga nan a gwada dubban sinadarai, na itatuwa ko na ɗakin gwaji, har a sami wanda ke toshe shi. Sannan a gwada a jikin dabbobi don sanin gubarsa. Sai kuma gwaji a jikin mutane a matakai uku, daga mutane kaɗan don auna aminci da ƙima, zuwa ɗaruruwa ko dubbai da ake raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a, a ba wasu sabon maganin, wasu kuma tsohon magani ko ƙwayar da babu komai a cikinta, a kwatanta sakamako. Cikin magunguna goma da suka kai matakin gwaji a jikin mutane, kusan tara sukan faɗi a hanya.

Ta fuskar cututtukan numfashi, wahalar ta samo asali ne daga yanayin bairos kansa. Bakteriya halitta ce mai cin gashin kanta, tana da bango da kayan aikinta, shi ya sa magunguna irin su amoksisilin ke iya kashe ta ba tare da taɓa jikin mutum ba. Bairos kuwa ba ya hayayyafa sai ya shiga ƙwayar halittar mutum ya ari kayan aikinta, don haka wuraren da za a buge shi ba tare da an ji wa mai masaukin ciwo ba kaɗan ne ƙwarai. Wannan bambanci yana da muhimmanci a kasuwannin Ƙonni da Malbaza, inda da zarar hunturu ya kama, hazo ya sauko, tari da mura suka yawaita, ake sayen maganin bakteriya daga masu yawo da magani a faranti a ba yaro, alhali mafi yawan mura bairos ne ke kawo ta, kuma wannan magani ba ya yi masa komai, sai dai ya koya wa bakteriyar da ke jikin yaron yadda za ta jure masa gobe.

Tarihin maganin infuluwenza, wato mura mai tsanani da ke zuwa da zazzaɓi da ciwon jiki, ya nuna yadda gane cuta ke haifar da magani. A saman wannan bairos akwai wani furotin mai suna niyuraminides, wanda aikinsa kamar na almakashi ne: shi ke yanke igiyar da ke riƙe sababbin ƙwayoyin bairos a jikin ƙwayar halittar da suka fito daga cikinta, su sami damar kama wasu. A 1983 masana a Ostareliya, Peter Colman da Jose Varghese da Graeme Laver, suka fitar da siffar wannan furotin, aka ga yana da wani ɗan rami da ba ya canzawa ko da bairos ɗin ya sauya kama. Sai aka ƙera sinadarin da zai shiga ramin ya zauna daram, kamar yadda maƙeri ke yi wa kwado ɗan makulli, kuma daga nan aka sami zanamivir da oseltamivir, waɗanda aka amince da su a 1999. Abin lura shi ne an daɗe ana haɗa oseltamivir daga wani sinadari da ake samu a 'ya'yan wani itacen ƙamshi na ƙasar Sin, amma 'ya'yan itacen su kaɗai ba sa maganin infuluwenza. Sai bayan matakai masu yawa na sarrafawa sinadarin ke zama magani. Kuma ko bayan wannan wahala, amfaninsa yana da iyaka, domin ya fi aiki idan an fara sha cikin kwana biyu da fara ciwo, wanda ke nufin sai an sami gwajin da ke tabbatar da cutar da wuri, kusa da gidan majinyaci.

Annobar korona, wadda aka tabbatar da shigarta Nijar ranar 19 ga Maris 2020, ta koyar da darasi na biyu, wato bambancin da ke tsakanin zato da hujja. An yi ta yayata kulorokwin, an yi ta yayata ruwan da Madagaska ta haɗa daga wani tsiro dangin tazargade, amma da aka yi babban gwaji mai suna RECOVERY a asibitocin Ingila, a watan Yunin 2020 aka ga haidiroksikulorokwin, ɗan'uwan kulorokwin, ba ya rage mutuwa, yayin da deksametazon, tsohon magani mai araha da ake samu har a ƙananan asibitoci, ya rage mutuwar waɗanda ke kan na'urar numfashi da kusan kashi ɗaya cikin uku, na waɗanda ke shaƙar iskar oksijin kuma da kusan kashi ɗaya cikin biyar. Wannan gwaji bai ƙirƙiro sabon sinadari ba. Abin da ya yi shi ne tsara majinyata da rubuta sakamako da gaskiya, kuma irin wannan aiki bai fi ƙarfin ƙasashen Sahel ba.

Akwai kuma wani bairos da ba a cika jin sunansa ba duk da cewa ya fi korona kashe jarirai, wanda likitoci ke taƙaita sunansa da RSV. Yana toshe ƙananan hanyoyin iska a huhun jariri, a ga haƙarƙarinsa na lotsawa yana numfashi da ƙyar, kuma ƙiyasin 2019 ya nuna yana kashe yara 'yan ƙasa da shekara biyar kimanin 100,000 a shekara, kashi 97 cikin ɗari a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita. A 2022 da 2023 aka amince da hanyoyin kariya biyu, allura ɗaya da ake yi wa jariri mai suna nirsevimab da kuma rigakafin da ake yi wa mai ciki don ta gadar wa ɗanta kariya. Kariyar ta 'yan watanni ce, lokacin yawaitar cutar kuma ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, don haka sai an auna a gida kafin a san watan da ya dace a yi allurar. Cibiyar binciken lafiya ta CERMES da ke Yamai tana bibiyar infuluwenza tun 2009 ta hanyar karɓar samfurin majina daga wasu asibitoci, kuma faɗaɗa irin wannan aiki zuwa asibitocin gunduma na Ƙonni da Malbaza da Illela, inda mutane da kaji da dabbobi ke ƙetare iyakar Nijeriya kullum, shi ne gudummawa mafi kusa da yankin zai iya bayarwa. Murar tsuntsaye da ta ɓulla a jihar Kaduna a watan Fabrairun 2006, ta kuma bayyana a Magarya cikin wannan wata na Fabrairu, ta isa shaida cewa bairos ba ya tsayawa a shingen kwastan.

Sankarar mama ce ta fi buƙatar a dakata a kanta, domin a nan ne rata tsakanin abin da ilimi ya cimma da abin da matan yankin ke samu ta fi faɗi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 an gano cutar a jikin mata miliyan 2.3, ta kuma kashe 670,000. A ƙasashe masu arziki fiye da mata 90 cikin ɗari suna raye bayan shekara biyar da gano cutar, alhali a Afirka ta Kudu, wadda ta fi yawancin ƙasashen nahiyar asibitoci, adadin bai wuce kusan 40 ba. A Nijar, kundin rajistar masu ciwon daji da aka buɗe a 1992 a Jami'ar Abdou Moumouni ya nuna ita ce kan gaba cikin sankarorin mata, kuma yawancin masu ita sai cuta ta yi nisa suke isa asibiti.

Babban abin da binciken ƙarni guda ya gano shi ne sankarar mama cututtuka ne da dama a ƙarƙashin suna ɗaya. A 1896 wani likitan tiyata a Gilasgo, George Beatson, ya lura cewa cire ƙwan mace yana sa ƙarin wasu mata ya ja baya, ba tare da ya san dalili ba. Sai a 1958 Elwood Jensen ya nuna cewa wasu ƙwayoyin halitta suna da makarɓa, wato wani furotin da ke kama sinadarin estirojin na jikin mace ya mayar da shi umarnin girma. Tamoksifen, wanda Dora Richardson ta haɗa a Ingila a 1962 da nufin tsara iyali amma ya gaza a wannan aiki, ya zama maganin da ke zama a kan makarɓar ya hana estirojin wuri. An amince da shi a Ingila a 1973, a Amurka a 1977, kuma shansa na shekara biyar yana rage mutuwa da kusan kashi ɗaya cikin uku ga matan da ƙarinsu ke da wannan makarɓa. Ga wadda ƙarinta ba shi da ita kuwa, ba ya amfanar da komai. Haka ma tirastuzumab, wanda aka amince da shi a 1998 bayan Dennis Slamon ya nuna a 1987 cewa ƙarin da ke da yawan furotin HER2 ya fi saurin kisa: yana ceton rai ga masu wannan nau'i, wato kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari na masu cutar, ga sauran kuwa asarar kuɗi ce mai yawa da haɗari ga zuciya. Nau'i na uku, wanda ba shi da ɗayan waɗannan makarɓai, shi ne mafi wuyar magani, kuma shi ne bincike ke nuna ya fi yawa a matan Afirka ta Yamma fiye da na Turai.

Farfesa Olufunmilayo Olopade, 'yar Nijeriya da ke Jami'ar Shikago, tana cikin waɗanda suka fi ba da ƙarfi a wannan fage. Binciken da ita da abokan aikinta suka wallafa a 2009 a kan samfura daga Nijeriya da Senegal ya sami makarɓar estirojin a kusan kashi ɗaya cikin huɗu kawai, alhali a Turai kusan kashi 70 cikin ɗari ne. Sai dai wasu masana sun ja hankali cewa wani ɓangare na wannan bambanci daga yadda ake adana samfur yake fitowa, kuma wannan batu ya shafi yankin Ƙonni kai tsaye. Ƙa'ida ita ce tsokar da aka yanko daga ƙari a saka ta cikin ruwan fomalin mai inganci kafin awa ɗaya, ta zauna ciki awa 6 zuwa 72. In aka saɓa, makarɓar takan lalace, gwaji ya ce babu ita alhali akwai. Samfurin da aka ɗauka a asibitin gunduma, ya kwana cikin zafin bazara, ya yi tafiyar sama da kilomita 400 zuwa Yamai, yana iya jawo a hana mace tamoksifen, magani mai araha da zai iya ƙara mata shekaru. Kwalbar fomalin da agogo da littafin rajista ba su da kwarjinin babbar na'ura, amma a kansu ingancin duk wani bincike ya dogara.

Akwai wasu dalilai biyu da suka sa bai kamata a ɗauko sakamakon gwajin Turai a ɗora wa matan Hausa ba tare da dubawa ba. Na farko, tamoksifen ba ya aiki sosai sai hanta ta sauya shi zuwa wani sinadari mafi ƙarfi ta hanyar furotin CYP2D6, kuma akwai wani nau'in wannan furotin mai sanyin aiki da ya yawaita a mutanen Afirka. Na biyu, mafi yawan mutanen Afirka ta Yamma ba su da wata alama a jan jininsu mai suna Duffy, abin da ke ba su kariya daga wani nau'in zazzaɓin cizon sauro, kuma yana sa adadin wasu fararen ƙwayoyin jininsu ya zama ƙasa da na Turawa ba tare da wata cuta ba. Idan aka auna su da ma'aunin Turai, sai a ga kamar jininsu bai isa ba, a jinkirta musu maganin kemo ko a cire su daga gwajin sabon magani.

Daga nan ne ya kamata a dubi itatuwan gida, da mutunci kuma da gaskiya. Ilimin masu magani da ungozomomi na ƙasar Hausa tsoho ne, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi rubuce-rubuce a kan magunguna, likita J. M. Dalziel ya tattara sunayen tsirrai na Hausa a littafinsa na 1916, a 1980 kuma ayarin Farfesa Adjanohoun ya wallafa binciken tsirran magani na Nijar. Sabara da ake sha don tari, da bagaruwa, da marke, da maɗaci, da gwandar daji, duk an gwada ruwansu a ɗakunan gwaji na jami'o'i, an kuma sami sinadarai masu aiki a wasunsu. Amma kashe ƙwayar sankara a cikin faranti mataki ne na farko kawai, domin guba ma tana yin haka. Tarihin maganin pakilitaksel ya isa misali: an ɗebo ɓawon itacen da yake fitowa daga cikinsa a Amurka a 1962, Monroe Wall da Mansukh Wani suka bayyana siffar sinadarin a 1971, Susan Horwitz ta gano yadda yake hana ƙwayar halitta rabuwa a 1979, ba a amince da shi don sankarar mama ba sai 1994, kuma yana cikin 'yan ƙalilan da suka fito daga tsirrai kusan 35,000 da aka tantance. Kusa da gida, cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Abuja ta ɗauki haɗin wani mai maganin gargajiya na masoro da kanumfari da karan dafi da wani itace, ta bi shi mataki-mataki har ya zama Niprisan na masu amosanin jini, ko da yake matsalar kuɗi ta tsayar da sarrafa shi shekaru. Hanyar a buɗe take, to amma har yau babu wani ganye ko sassaƙe da gwaji ya tabbatar yana warkar da sankarar mama, kuma watannin da mace ke ɓatawa tana shafe-shafe saboda zancen da ake yi cewa daji ba ya son allura ko ƙarfe su ne watannin da tiyata za ta iya cetonta.

Ba za a ce yankin bai san gwajin magani ba. A Madarunfa ta jihar Maraɗi aka gwada rigakafin gudawar rota mai jure zafi, aka wallafa sakamakon a 2017. A jihohin Doso da Tawa kuma aka yi gwajin AVENIR, wanda sakamakonsa na 2024 ya nuna raba azitiromaisin sau biyu a shekara ga yara daga wata ɗaya zuwa 59 ya rage mutuwarsu da kashi 14 cikin ɗari. Wannan ya nuna ƙauyuka da hakimai da ma'aikatan lafiyar jihar Tawa sun iya ɗaukar bincike mai ma'aunin duniya. Tsoron da jama'a ke yi wa gwajin magani ma yana da tushe, domin ba a manta da Kano ta 1996 ba, lokacin da kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da ya ƙunshi yara kimanin 200 a tsakiyar annobar sanƙarau, 11 suka rasu, aka yi shekaru ana shari'a a kan ko an nemi yardar iyaye yadda ya kamata, har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009 a kan dala miliyan 75 ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba. Maganin wannan tsoro shi ne bayani da Hausa, da yarda ba tilas, da kwamitin ɗa'a mai iko, da alkawarin cewa maganin da aka gwada a kan mutane zai dawo musu da farashin da za su iya.

Kayan aikin farko suna nan a warwatse. Asibitin Galmi a gundumar Malbaza yana tiyata tun bayan kafa shi a 1950, Cibiyar Yaƙi da Sankara ta Ƙasa a Yamai ta fara gashin sankara a 2021, Jami'ar Tawa tana nan tun 2010, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato kuma bai kai kilomita 100 daga Ƙonni ba, duk da cewa rufe iyaka na 2023 ya nuna haɗarin dogara da ƙetare kaɗai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ma'auni a 2021 cewa a kammala tantance ƙari cikin kwana 60 daga ranar da mace ta fara zuwa asibiti. Kira ga hukumomin lafiya na jihar Tawa shi ne su tabbatar kowane asibitin gunduma yana iya ɗaukar samfur, ya adana shi bisa ƙa'ida, ya aika, ya karɓi amsa cikin wannan wa'adi, ya kuma rubuta abin da ya sami kowace majinyaciya. Ga masu maganin gargajiya da ungozomomi, su tura duk macen da ta ji ƙulli a mamanta asibiti tun ranar farko. Ga mazaje da iyaye kuma, su ba da izini da kuɗin mota tun ƙullin bai wuce girman gyaɗa ba.